Kuɗin Da Ke Hannun Mai Bashin Karatu, Na Wane Ne?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta rance, Ya haramta riba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata tambaya da ta shigo gidajen ƙasar Daura a 'yan shekarun nan, wadda iyaye da kakanni ba su san irinta ba. Saurayi ya tafi makaranta ya karɓi rancen karatu daga gwamnati, kuɗi sun shigo hannunsa, ga Salla ta ƙarato, abokansa kowa ya kai ɗinki wurin tela. Shi kuwa sai ya tsuke bakin aljihunsa, ya wanke tsohuwar rigarsa ya goge, ya ce da ita zai tafi Idi domin ana binsa bashi. Waɗansu su ce yaron nan ya yi hankali. Waɗansu kuma su ce rowa ce kawai ya naɗa mata rawani, tun da ba wanda ya taɓa yin sallama a ƙofar gidansu don neman biya. Ba za a iya raba wannan gardama ba sai an fara sanin matsayin kuɗin da ke hannun wanda ake bi bashi, watau ko nasa ne sarai ya yi yadda ya ga dama da su, ko kuwa akwai hakkin wani a cikinsu.

Ya kamata a fara da bayanin rancen kansa. A ranar 12 ga Yuni 2023 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan dokar ba ɗalibai rance. Aka ga sharuɗɗanta sun yi tsauri, aka sake ta, ya sa wa sabuwar hannu a ranar 3 ga Afrilu 2024, aka cire tilascin kawo masu tsaya wa ɗalibi. A ranar 24 ga Mayu 2024 asusun da aka kafa domin wannan aiki, wanda aka fi sani da NELFUND, ya fara karɓar takardun masu nema ta intanet. Rancen kashi biyu ne. Akwai kuɗin makaranta, wanda ake biya kai tsaye ga makarantar, akwai kuma kuɗin guzuri, Naira 20,000 kowane wata, da ke shiga asusun ɗalibi a banki. Babu ruwa a kansa. Ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama yi wa ƙasa hidima, sa'an nan a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi har bashi ya ƙare.

Wannan rance ya zo a lokacin da mutane su ke cikin matsi. An janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, farashin kaya ya tashi. A shekarar nan kuma jami'o'i da dama, har da Jami'ar Bayero ta Kano, suka ƙara kuɗin rajista. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar a watan Yuli 2023 aka rufe iyaka wata da watanni, ciniki ya tsaya a Kongolam, 'yan kasuwar Mai'adua da na Zango da na Ɓaure suka ji a jikinsu. Ga makarantu kuwa sun zo har gida, domin an kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura a 2019, an kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri a watan Disamba na wannan shekara, ban da 'ya'yan masarautar da ke karatu a Katsina da Dutsinma da Kano da Zariya. Uban da ya sayar da buhunan gero biyu ko bunsuru ya biya wa ɗansa rajista a da, sai ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Saboda haka wanda ya karɓi rancen nan don kada karatunsa ya yanke bai yi laifi ba, kuma babu abin kunya a ciki. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Annabi kansa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa.

Amma fa a yi lissafi. Wanda ya karɓi Naira 20,000 har wata 12 ya karɓi Naira 240,000 a shekara. In ya yi shekara huɗu yana karɓa, ya ci Naira 960,000, ban da kuɗin makaranta. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne, kashi goma nasa kuwa Naira 7,000. Mai irin wannan albashi zai yi fiye da shekara 11 yana biyan kuɗin guzuri kaɗai. Watau yaron da ya shiga makaranta yana ɗan shekara 19, mai yiwuwa ne ya aurar da ƙannensa, ya sa 'ya'yansa a firamare, bai gama biyan abin da ya ci a ɗakin kwanan ɗalibai ba. Cin bashi da daɗi, ranar biya da wuya.

Musulunci bai ɗauki bashi da wasa ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, tana umurni da a rubuta shi, a sa masa lokaci, a kafa shaidu. Buhari ya ruwaito cewa an kawo wata gawa don a yi mata salla, Annabi ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, aka ce ana binsa dinari uku, kuma bai bar abin biya ba. Sai ya ja da baya ya ce sahabbai su sallaci ɗan'uwansu, bai yi masa salla ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Muslim kuma ya ruwaito cewa ana gafarta wa wanda ya yi shahada kome da kome in ban da bashi. Dalilin wannan tsanani a fili ya ke. Laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tuba tana shafe shi, amma hakkin ɗan Adam yana nan har sai an biya ko mai shi ya yafe. Shi ya sa a rabon gado ba a ba magada ko allura sai an fitar da bashi tukuna.

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake karantarwa a zaurukan Daura tun zamanin da, sun yi wa wannan al'amari babi guda. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil an bayyana cewa idan bashi ya kewaye dukiyar mutum, watau abin da ake binsa ya kai ko ya fi abin da ya mallaka, mai bin bashi yana da ikon hana shi yin kyauta da dukiyar, masu sharhi kuma suka ƙara da cewa ko da lokacin biya bai yi ba. Idan alƙali ya yanke masa hukuncin tsiyacewa, ana sayar da kayansa a raba wa masu binsa, har da littattafansa, har da rigunan da ya ke zuwa Juma'a da su in masu tsada ne, a bar masa abincinsa da na iyalinsa da tufafi irin na yau da kullum. Mai karatu ya dubi wannan da kyau. Kyauta aikin lada ce, rigar Juma'a kuwa sunna ce a ƙawata ta, amma duk da haka shari'a ta gabatar da hakkin mai bin bashi a kansu. In an hana mai bashi kyautar da ake samun lada da ita, yaya kuma sayayyar da ba ta da wani dalili sai don a gani a yaba?

Daga nan amsar tambayar farko ta fito. Kuɗin da ke hannun mai bashi mallakarsa ne ta fuskar hukunci, zai iya saye da sayarwa da su, cinikinsa ya inganta. Amma akwai hakkin wani rataye a wuyansa, kuma duk abin da ya wuce bukatarsa, mai bin bashi ya fi kasuwa cancanta da shi. Rowa ita ce mutum ya hana abin da ya wajaba ya bayar alhali yana da shi. Wanda ya ƙi sayen shadda don ya tanadi abin biyan bashi kuwa, yana tattalin abin da ya wajaba ya bayar ne. Ke nan saurayin nan mai tsohuwar riga ya fi kusa da cika amana, kuma masu yi masa dariya sun sa wa abu sunan da ba nasa ba.

Imamu Malik ya kawo wani labari a cikin Muwaɗɗa wanda ya yi daidai da halin da ake ciki. Wani mutum ne na ƙabilar Juhaina, ana ce masa Usaifi'u, ya kan sayi raƙuma masu gudu da tsada, da bashi, don ya riga sauran alhazai isowa gida. A ƙarshe ya tsiyace, aka kai maganarsa gaban Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi. Umaru ya tsaya a gaban jama'a ya bayyana cewa mutumin nan ya yarda ya musanya addininsa da amanarsa da a ce ya riga alhazai, ya umurci masu binsa su zo da safe a raba musu abin da ya rage, ya kuma gargaɗi mutane game da bashi. Usaifi'u ba abinci ya ci da kuɗin mutane ba, suna ya saya. Raƙumin Usaifi'u yana nan har yau, kamanni kawai ya sake. Wani lokaci ya zo a siffar wayar hannu ta dubu ɗari biyu alhali ta dubu arba'in tana biyan bukata, wani lokaci a siffar gezna kala uku don hawan Magajiya, ko anko na bikin abokin aboki, ko walimar gama makaranta da ɗinkin da ba za a sake sawa ba.

Akwai masu kawo uzuri, kuma ya kamata a saurare su da adalci. Na farko su ne masu cewa lokacin biya bai yi ba, doka da kanta ta ba da jinkiri, saboda haka ba wanda ya isa ya ƙuntata wa ɗalibi tun yanzu. Gaskiya ne wanda ake bi bashi mai ajali ba a tilasta masa biya kafin ajali, kuma hadisin da ya kira jinkirin mawadaci zalunci yana magana ne a kan wanda lokaci ya yi, yana da shi, ya ƙi bayarwa. Amma kuɗin guzuri suna da dalilin da aka ba da su saboda shi, watau abinci da kuɗin mota da takardun karatu. Wanda ya karɓa da wannan suna ya kashe a wani wuri ya saɓa alkawari tun kafin ranar biya ta zo. Haka kuma wanda ba ya bukatar kuɗin guzuri, mahaifinsa yana ɗauke da shi, ya nema don kawai ya ga ana rabawa, ya ɗora wa kansa kaya a banza. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya Allah zai biya masa, wanda kuwa ya karɓa da niyyar halaka ta Allah zai halaka shi. Niyya a zuci ta ke, amma alamarta tana fitowa a kasuwa. Mai niyyar biya ana gane shi tun daga yadda ya ke kashewa.

Na biyu su ne masu cewa kuɗin gwamnati ne, kuɗin gwamnati kuwa rabo ne, manya suna ci da cokali, don me za a hana yaro lasa da yatsa? Wannan magana ita ce mafi haɗari, domin tana da zaƙi a kunne. Lalle almubazzaranci da dukiyar jama'a da shugabanni ke yi zalunci ne, za su kuma amsa tambaya a kansa. Amma laifin wani ba ya zama lasisin wani, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Malamai sun ɗauki cin dukiyar baitulmali da muhimmanci ƙwarai saboda masu hakki a cikinta ba su ƙidayuwa. Wanda ya ci kuɗin mutum guda ya san ƙofar da zai je ya nemi gafara. Wanda ya ci na jama'a, ƙofa nawa zai bi?

Kuma tarihi ya riga ya nuna inda wannan hanya ta ke kaiwa. A 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar ba ɗalibai rance. Da yawa daga cikin waɗanda suka karɓa ba su biya ba, hukumar ta durƙushe. A 1993 aka yi dokar kafa Bankin Ilmi don ya maye gurbinta, shi ma bai je ko'ina ba. Aka yi shekara wajen 30 ɗan talaka ba shi da inda zai ranci kuɗin karatu ba tare da ruwa ba. Waɗanda suka ƙi biya a wancan lokaci suna tsammanin gwamnati suka cuta, alhali ƙannensu da 'ya'yansu suka rufe wa ƙofa. Asusun irin wannan kamar adashi ya ke, wanda ya kwasa ya daina zubi ya kashe adashin. Saboda haka mai bin ɗalibin Daura bashi na haƙiƙa shi ne yaron nan da ke aji uku na firamare a Sandamu ko a wani ƙauyen Ɓaure, wanda zai zo neman rance bayan shekara 10. Duk Nairar da aka mayar, kujerarsa ake ajiye masa.

Na uku su ne masu wayon lissafi, masu cewa darajar Naira tana faɗuwa, a watan Disamba 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, saboda haka gwamma a ja biya iyakar ja, bashin zai narke da kansa. Wanda ya bi tsarin da doka ta shimfiɗa, ana cire masa kashi goma, bai yi laifi ba ko da bashin ya daɗe. Amma wanda Allah Ya buɗa masa, ya sami kasuwa ko babban aiki, ya ɓoye samunsa ko ya sake asusu don kada a gan shi, wannan ya shiga cikin jinkirin da aka kira zalunci. Sunna ta koyar da akasin haka. Annabi ya ranci ɗan raƙumi, da ya tashi biya ya ba da wanda ya fi shi girma da kyau, ya nuna cewa zaɓaɓɓun mutane su ne mafi kyawun biya. Zubairu ɗan Awwam, Allah Ya yarda da shi, a ranar yaƙin Raƙumi a shekara ta 36 bayan Hijira, babban abin da ya dame shi bashinsa ne, ya yi wa ɗansa Abdullahi wasiyya da shi. Aka lissafa aka sami miliyan biyu da dubu ɗari biyu. Abdullahi ya sayar da filaye ya biya, ya kuma ƙi raba gado har sai da ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji ko akwai sauran mai bin mahaifinsa.

Ni'ima ce babba a ce rancen nan babu ruwa a kansa, kuma wanda ya dubi waje zai san haka. A Amurka bashin karatu ya haura Dala tiriliyan 1.7 a 2024, yana wuyan mutum fiye da miliyan 40, da yawansu suna biya shekara da shekaru ruwa yana cinye abin da su ke zubawa. A Ingila rancen gwamnati yana da ruwa, har waɗansu 'ya'yan Musulmi su kan haƙura da jami'a don gudun riba, ko da ya ke tun 2013 Firayim Minista David Cameron ya yi alkawarin samar musu wata hanya. Wanda aka ba rance mai tsabta ya ƙi kiyaye shi, ya yi butulci, ya kuma ba masu cewa ba a iya rance sai da ruwa hujja a hannu.

To, ina iyakar tsuke bakin aljihu? Domin shi ma yana da iyaka, in ya wuce ta ya koma abin zargi. Alƙur'ani a Suratul Furƙan, aya ta 67, ya yabi bayin Allah da cewa ba su yin ɓarna in za su ciyar, ba su kuma ƙuntatawa, suna tsayawa a tsakani. Malaman usulu, irin su Shaɗibi mai littafin Muwafaƙat, sun kasa bukatun ɗan Adam kashi uku. Akwai larura, wadda in babu ita rayuwa ko addini ko hankali zai lalace. Akwai bukata, wadda in babu ita za a sha wahala. Akwai ƙawa, wadda ke ƙara wa rayuwa kyau. Wannan ma'auni ya ishi mai bashi. Abinci da magani da kuɗin rajista larura ne, ba a taɓa su. Ɗalibin da ya ƙi cin abinci har ciwon gyambon ciki ya kama shi don ya tara kuɗi ya zalunci jikin da aka ba shi amana. Littafi da kuɗin mota da katin waya na neman darasi bukata ne, a yi su daidai gwargwado. Ragi yana farawa ne daga ƙawa, kuma a nan mafi yawan kuɗi su ke zurarewa: ɗinki na biyu da na uku, turare mai tsada, sake waya alhali tsohuwar tana aiki, katin da ke ƙarewa a kallon abin da ba ya amfani, da liƙi a wurin biki.

Masu sharhin Muhtasar ba su manta da wannan sassauci ba. Sun ce ba a hana mai bashi abin da al'ada ta gudana a kansa ba tare da ɓarna ba, kamar ɗan abin da ake miƙa wa mai bara, da hidimar Salla, da layya, da ciyar da mahaifi da ɗa. Shaihu Halil ya ce yana da damar yin aure, amma malamai sun yi taraddadi game da ya auri huɗu ko ya tafi Hajjin nafila. Saboda haka kada wani ya fake da bashin gwamnati ya bar mahaifiyarsa babu magani, ko ya hana matarsa cefane. Ciyar da iyali wajibi ne na yau, ba a jinkirta shi don bashin da ajalinsa ke gaba. Abin da ake nema shi ne mutum ya san bambancin tuwon gidansa da rigar da zai burge 'yan majalisa.

Hanyar aiki da wannan ba ta da wuya. Mai bashi ya sami littafi ya rubuta abin da ya karɓa da ranar da ya karɓa, kamar yadda ayar bashi ta koyar, ya sanar da mahaifinsa ko wani amintacce nasa. Ya riƙa rubuta abin da ya kashe ko da na wata guda ne, zai yi mamakin inda kuɗinsa su ke tafiya. In ya ga abu a kasuwa ransa ya biya, ya bari ya kwana biyu, sau da yawa sha'awar za ta mutu da kanta. In zai iya karatu ba tare da kuɗin guzuri ba, ya tsaya ga kuɗin makaranta kaɗai. In hutu ya zo ya kama sana'a, ko ɗinki ko gyaran waya ko noman damina a gonar gida. In ya fita yi wa ƙasa hidima, inda alawus ya koma Naira 77,000 a 2025, ya fara ajiye wani abu tun daga nan, ko ya sayi tunkiya ya ba a kiwata masa, kada shekara biyun jinkiri su wuce kamar mafarki.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa yaro kaya duka. Yawancin sayayyar da ke karya matasa jama'a ce ke tilasta ta. Uwar da ta ce 'yarta ba ta fita sai da akwati goma sha biyu na lefe, alhali ta san mai neman auren bai daɗe da gama makaranta ba kuma ana binsa, ta taimaka wajen tura shi cin wani bashin a kan bashi. 'Yan'uwan da ke ganin duk wanda ya yi digiri ya zama rijiya, kowa ya zo da gugansa, su ma haka. Abokan da ke yi wa mai maimaita riga ba'a a ranar Sallar Gani suna da nasu kason. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma garin da ya mai da ado ma'aunin mutunci zai tara masu ado da yawa waɗanda ba su barci da dare. Ya kamata limamai su faɗi wannan a kan mumbari, iyaye mata su faɗa wa juna a gidajen biki, masu unguwanni da dagatai da hakimai su ƙarfafa duk wani yunƙuri na rage tsadar aure.

Mawadata kuma suna da nasu aikin. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, a cikinsu akwai waɗanda bashi ya danne, matuƙar ba a saɓo suka ci shi ba. Attajirin da ke fitar da zakka kowace shekara zai iya neman wanda ya yi karatu da rance, ya gama, ya rasa aiki, ya sauke masa wannan kaya. Hukuma ita ma an umurce ta da abin da aka umurci kowane mai bin bashi a aya ta 280 ta Baƙara, watau a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Bayan da Allah Ya yi wa Musulmi buɗi, Annabi ya ɗauki nauyin biyan bashin wanda ya mutu bai bar kome ba. Dokar 2024 ta yi tanadin yafe rancen ga wanda ya rasu, wannan kuwa ya yi daidai da wancan tafarki. Abin da ya rage a kanta shi ne ta riƙe asusun da gaskiya, makarantu su sanar da ɗalibi da zarar an biya masa, kada a karɓi kuɗi sau biyu a kan kai ɗaya, domin mai neman a riƙe masa amana shi ya kamata ya fara nuna ta.

Saurayin nan da ya tafi Idi da wankakkiyar riga bai rasa kome ba daga ladan Salla. Hawa zai wuce, ƙura ta kwanta, sababbin riguna su koma cikin akwati, shi kuwa ya kwana ya san adadin abin da ake binsa da hanyar da zai bi ya biya. Annabi ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi a cikin sallarsa, da aka tambaye shi dalili ya nuna cewa bashi ya kan kai mutum ga yin ƙarya da saɓa alkawari. Wanda ya rage sayayya tun yau yana tsare harshensa ne daga ƙaryar gobe.

Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sa albarka a karatun 'ya'yan Musulmi, Ya wadata su da halal, Ya raba su da kunyar duniya da ta Lahira. Amin.